Abin Da Mai Neman Aikin Injiniyan Manhaja Zai Tarar A Wurin Ganawa

Tun zamanin kakanni, in saurayin ƙasar Zuru ya ce zai tafi neman aiki, kowa ya san abin da zai tarar. In soja ya nufa, za a auna tsawonsa da faɗin ƙirjinsa, a sa shi gudu, likita ya duba shi, in ya haye sai Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924. In kuwa aikin ofis ne, ya zuba takardun shaidarsa cikin fayil, ya sa tufafi masu tsabta, ya zauna gaban manya ya amsa abin da aka tambaye shi. Da wuya a sami unguwa a Dabai ko Rikoto da za a rasa wanda ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu, saboda haka yaro ba ya rasa mai yi masa bayani tun kafin ya bar gida.

To, yanzu ga wani aiki ya zo wanda iyaye ba su bi ta kansa ba, watau aikin injiniyan manhaja. Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu don ta yi wani aiki. Ita ce ke cikin 'yar na'urar nan ta masu cirar kuɗi a bakin kasuwa, ita ce kuma ke kawo wa ɗalibi tambayoyi a jarrabawar shiga jami'a. Samarinmu, maza da mata, suna koyon rubuta ta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da kwalejin Waziri Umaru, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Waɗansu sun shiga shirin nan na horar da matasa miliyan 3 wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, waɗansu kuwa da kansu suka koya, cikin dare, da kwamfutar aro. Duk wannan koyo ne. Ranar da aka kira mutum ganawa, wadda ake ce wa intabiyu, ita ce ranar da za a auna shi, kuma ma'aunin ya bambanta ƙwarai da wanda muka saba da shi. Domin wannan ne aka shirya takardar nan.

MASU ƊAUKA

Yawancin masu ɗaukar injiniyoyin manhaja a Nijeriya suna Legas da Abuja. Akwai bankuna, da kamfanonin waya irin su MTN da Airtel, da kamfanonin biyan kuɗi irin su Interswitch, wanda aka kafa a 2002, da Paystack na 2015, da Flutterwave na 2016. A Kano akwai eHealth Africa mai ayyukan kiwon lafiya. Akwai kuma kamfanonin ƙasashen waje masu ɗaukar mutum ya yi musu aiki yana zaune a garinsu. Hukumomin Gwamnati suna dubawa ga takardar digiri da ta yi wa ƙasa hidima kafin kome. Kamfanoni kuwa sukan duba takarda sau ɗaya su ajiye, sa'an nan su ce, “To, nuna mana.” Bayanin da ke biye ya fi shafar kamfanoni.

Ba zama ɗaya ake yi a gama ba. Da fari wani ma'aikaci zai kira ka a waya, ko ta Zoom ko Google Meet, ku yi kamar minti 20 ko 30. Shi ba injiniya ba ne, so yake ya ji ko kai ne mai takardar da aka aiko, da harshen kwamfutar da ka ƙware a kai, ko Python ne, ko Java, ko JavaScript, da lokacin da za ka iya fara aiki. Kada ka lissafa masa harsuna goma alhali biyu ka sani. Duk abin da ka rubuta cikin takardar tarihin karatunka da ayyukanka, ka ɗauka an ba wani izini ya tone shi har saiwa.

Bayan wannan sai jarrabawa ta intanet, sau da yawa a dandali irin HackerRank, inda agogo ke tafiya kana rubutu, na'ura kuma ita ke yin maki. Waɗansu maimakon haka sukan ba ka ɗan aiki ka yi a gida cikin 'yan kwanaki. In ka tsallake nan, sai babbar ganawa.

GANAWA DA INJINIYOYI

Nan ne gizo ke saƙa. Za ka zauna da injiniya ɗaya ko biyu wajen minti 45 zuwa awa guda, su ba ka matsala, ka warware ta suna kallon abin da kake rubutawa, ko a allo ko a fuskar kwamfuta. Bari mu ɗauki misali daga abin da kowa ya sani.

A ce an ba ka jerin manoma 10,000 waɗanda suka yi rajistar takin zamani, aka ce ka rubuta umarnin da zai fito da waɗanda suka yi rajista sau biyu. Yaro mai ɗoki nan da nan zai sunkuyar da kai ya hau rubutu. Wannan shi ne kuskure na fari. Mai hankali tambaya zai fara yi. Da me za a gane mutum, da sunansa ko da lamba? In da suna ne, ai Muhammadu Bawa zai yi goma a gunduma guda, kuma mutum ɗaya yana iya rubuta Muhammadu yau, gobe magatakarda ya rubuta masa Mamman. In da lambar waya ce, wani ya fara da sifiri, wani ya fara da 234, alhali layi ɗaya ne. In da lambar shaidar ɗan ƙasa ce mai alƙaluma 11, to, an sami abin kamawa. Da gangan aka bar tambayar a buɗe, don a ga ko za ka lura. Injiniyan da ba ya tambaya yakan kwashe wata guda yana gina abin da ba shi aka sa shi ba, kamfani kuwa shi ke biyan watan.

In an daidaita a kan lamba, hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a ɗauki manomi na fari a gwada shi da sauran duka, a ɗauki na biyu a yi haka, har ƙarshe. Wannan hanya tana ba da amsa daidai, kuma babu laifi ka faɗe ta. Amma lalle za a tambaye ka, gwaji nawa ke nan? Ga mutum 10,000, gwaji 49,995,000 ne. In jerin ya kai mutum miliyan guda, gwajin ya tasam ma biliyan 500. Ka ga ke nan jerin ya ninka sau 100, aikin kuwa ya ninka sau 10,000. Wannan shi ne abin da suke so su ji ka gane: yadda nauyin aiki ke ƙaruwa in bayanai sun ƙaru.

Sai ka kawo hanya ta biyu. A jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, sa'an nan duk masu kama da juna za su zo kafaɗa da kafaɗa, a bi sau ɗaya a tsince su. Ko kuma ta uku, wadda ta yi kama da akwatunan gidan waya: kowace lamba tana da akwatin da lissafi ya nuna mata, in ka ɗauko lamba sai ka leƙa akwatinta kaɗai, in babu kome ka ajiye ta, in ka tarar da irinta ka kama mai rajista biyu. Da haka mutum 10,000 leƙe 10,000 ne kawai. Amma ka faɗi kuɗinta, domin babu hanyar da ba ta da kuɗi: akwatunan nan suna cin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. An sayi sauri da wuri ke nan. Irin waɗannan tsararrun matakai Turawa sun ba su suna daga sunan Alkhawarizmi, masanin lissafin nan da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, saboda haka ba baƙon ilmi ba ne kamar yadda waɗansu ke zato.

Ko ka gama rubutu kada ka ce ka gama. Ka gwada abinka da kanka, da baki, suna ji. In jerin babu kowa ciki fa? In mutum ɗaya ne? In wani ya yi rajista sau uku, sau nawa sunansa zai fito? In an ajiye lambar waya a matsayin adadi, sifirin farko zai ɓace, an kula da wannan? Wanda ya kama kuskurensa kafin a nuna masa ya fi daraja a idonsu bisa wanda bai yi kuskure ba amma bai duba ba.

MAGANAR SHIRU

Yanzu mun zo ga abin da muke gani ya fi kome wuya ga yaranmu, kuma ba a koyar da shi a aji. Mu an rene mu a kan cewa yaro ba ya yawan magana gaban babba, ba ya kallonsa ido cikin ido, in an yi masa gyara ya ce “to” ko da bai gamsu ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba mu ce a yar da ita ba. Ɗan gidan soja kuma ya ƙara da tasa, watau a ba da umarni a bi. Amma a ganawar nan, in ka yi shiru minti goma kana tunani, mai tambaya ba ladabi yake gani ba, duhu yake gani. Ba shi da hanyar sanin ko kana gab da amsa ne ko ka ɓace cikin daji, kuma ba zai iya taimakonka ba, alhali yawancinsu a shirye suke su ɗan haska maka hanya.

Saboda haka tilas ka yi tunaninka a fili. Ka ce, “Ina ganin zan fara da hanya mai sauƙi, ko da yake tana da nauyi, sa'an nan in gyara.” Ka ce, “Nan na tsaya, domin ban tabbatar da yadda zan yi da lambobin da aka rubuta iri biyu ba.” In an kawo maka shawara, ka auna ta. In ta fi taka, ka karɓa ka faɗi dalili. In kuwa ka ga tana da rami, ka faɗa cikin ladabi, gama wani lokaci da gangan ake kawo shawara gurguwa don a ga ko za ka bi ta ido rufe. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka ƙara da yadda za ka bi ka gano. Mai kame-kame nan da nan ake gane shi, kuma daga nan har abin da ya sani sai a yi shakkarsa.

Da Turanci ake ganawar. Yaron da ya tashi da Dakarci a gida, da Hausa a kasuwa, da Turanci a makaranta, sau da yawa yakan ji nauyin bakinsa gaban mutanen Legas ko na Turai. Ba karin harshe ake aunawa ba. A yi magana a hankali, da gajerun jimloli, a fahimce ka, shi ke nan. Maganin nauyin baki ɗaya ne: ka sami abokin karatu ku riƙa yi wa juna ganawar gwaji, ɗaya ya ba da matsala ya riƙe agogo, ɗaya ya warware da baki. Wanda ya warware matsala 200 shi kaɗai a ɗaki bai taɓa furta ko ɗaya ba, ranar ganawa zai ji kamar yau ya fara.

Game da gaisuwa, ka yi sallama ko ka gaisa yadda ya dace, amma ba a rusunawa, ba a kuma cika “ranka ya daɗe” a kowace jimla. A kamfanoni da yawa za ka ji ƙaramin ma'aikaci yana kiran shugabansa da sunansa tsura. Kada abin ya firgita ka, kada kuma ka riga su. Ka saurari yadda mutum ya gabatar da kansa ka bi haka.

TAMBAYAR TSARI DA TA HALI

Wanda ya riga ya yi shekaru a aiki za a ƙara masa da tambayar tsari, sabon shiga ma akan ɗanɗana masa. Ba a rubuta umarni a nan, zane ake yi da bayani. A ce ƙungiyar manoma tana da wakilai a Mahuta da Ribah da Dirin Daji, kowa yana shigar da buhunan dawa da masara a wayarsa, ana so hedkwata a Zuru ta ga jimla. Ina za a ajiye bayanan? In sabis ya ɗauke fa? A nan ɗan ƙasar nan yana da abin da ɗan birni ba shi da shi, domin shi ba labari aka ba shi ba. Ya san tilas waya ta riƙe bayanin a cikinta har sabis ya dawo. Ya san kuma wakili zai danna aikawa, ya ga shiru, ya sake dannawa, buhu 40 su zama 80 a littafi. Maganin wannan shi ne kowane shigarwa a ba ta lambarta tun daga wayar, in ta iso sau biyu rumbun bayanai ya karɓi ta fari ya ƙi ta biyu. Kamfanonin biyan kuɗi da irin wannan dabara suke hana a ciri kuɗin mutum sau biyu. Ka kawo irin wannan sani a fili, kada ka ɓoye shi don kunyar cewa daga karkara ka fito.

Sa'an nan akwai zaman da ba a tambayar fasaha ko kaɗan. Za a ce ka ba da labarin ranar da ka yi kuskure a aiki, ko ranar da kuka saɓa da abokin aiki. Mutanen ƙasar nan ba su bukatar dogon bayani a kan dalilin wannan. A al'adar golmo saurayi yakan yi wa surukansa noma shekara da shekaru tare da tsararsa, kuma ba ƙarfin damtse kaɗai ake kallo ba, har da juriya da yadda yake zama da 'yan'uwansa. Manhaja ma gayya ce, ba mai gina babba shi kaɗai. Ka shirya labari biyu ko uku na gaskiya: abin da ya faru, abin da kai ka yi, da yadda aka ƙare. Wanda ya ce bai taɓa kuskure ba, da wanda ya ɗora wa abokansa laifi duka, hukuncinsu ɗaya.

Abin da ka taɓa ginawa shi ne shaidarka. Manhaja ƙarama mai aiki, ko ta lissafin kantin kawunka ce, wadda ka ajiye a GitHub kowa na iya dubawa, ta fi takardun halartar bita guda goma. Sai dai ka tabbata kana iya bayanin kowane layi. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, ba wuya na'ura ta rubuta wa mutum umarni, masu ɗauka kuwa sun san haka sarai. Waɗansu kamfanoni sun yarda a yi amfani da irin waɗannan na'urori a ganawa, waɗansu sun hana. Ka tambaya tun da wuri. Inda aka hana, kada ka yi a ɓoye, domin tambaya ɗaya ce ke tona asiri: “Don me ka yi haka a layi na bakwai?”

WUTA, SABIS DA AGOGO

Wannan gajere ne, amma ya kayar da waɗanda ilmi bai kayar ba. In ta intanet za a yi, ka cika batirin kwamfuta da na waya tun daren jiya, ka tanadi layi biyu na kamfanoni dabam da data a kowanne, ka gwada murya da hoto a ɗakin da za ka zauna, a daidai lokacin da za a yi. Ka nemi wuri nesa da ƙarar janareta, ka roƙi mutanen gida awa guda. In sabis ya yanke, ka aika da saƙo nan take, ba abin kunya ba ne. Ka kula da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin London ɗaya ne da namu, sauran watanni kuwa muna gabansu da awa guda, Nairobi kuma tana gabanmu da awa biyu kullum. In da kanka za ka je Abuja ko Legas, ka isa kwana guda kafin ranar, kada ka yi tafiyar dare, kuma ka tambaya ko kamfani zai biya kuɗin mota.

Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ya yi maka ganawa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko na kayan aiki kafin a ba ka aiki, ko ya nemi lambar sirrin asusunka, ɓarawo ne, ko da wane suna ya zo.

ALBASHI

A ƙarshen kowane zama za a ce ko kana da tambaya. Ka yi. Wa zai duba aikina? Yaya ake koya wa sabon shiga? Me ake so in iya cikin wata uku? In magana ta kai ga albashi, kada kawaici ya sa ka ce “duk abin da kuka bayar.” Ka bincika wurin waɗanda ke cikin aikin tun kafin ranar, ka faɗi adadi. Ka tambaya ko kuɗin da aka ambata kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire, gama tsakaninsu da rata. Bisa dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukarsa kuma aƙalla kashi 10. In daga gida za ka yi aikin, a san wa zai sayi kwamfuta, wa zai biya data da wuta. In kamfanin waje ne, a san da wane kuɗi za a biya ka, ta wace hanya, kuma ma'aikaci ne kai ko ɗan kwangila. Kada ka bar aikin da ke hannunka sai takardar ɗauka ta iso ka karanta ta, har da tsawon lokacin gwaji da sharaɗin sallama.

Mai yiwuwa ne a ƙi ka a karo na fari da na biyu, wani lokaci ma ba za a aiko da amsa ba. In mako biyu ya wuce shiru, ka aika da gajeren imel na tuni, sau ɗaya. Ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba, a daren ranar ganawa, tun abin yana sabo a kanka, ka sami littafi ka rubuta tambayoyin da aka yi maka da daidai wurin da ka tsaya, ka warware su kafin mako ya fita, sa'an nan ka kai wa abokin gwajinka ya sake yi maka su da agogo. Kamfanoni da dama suna yarda wanda suka ƙi ya sake nema bayan wata shida ko shekara, saboda haka ka tambayi ma'aikacin da ya fara kiranka yaushe ne ƙofarsu za ta sake buɗe maka, ka rubuta ranar a littafin nan.